Lissafin Shinge da Adireshin Shela Wajen Yanka Adireshin IP Unguwa-Unguwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake lissafa wasu abubuwa biyu waɗanda duk mai kula da hanyar sadarwar kwamfuta ba ya rabuwa da su, watau waɗanda ma'aikatan fannin ke kira netmas da burodkas. Da yake kalmomin wannan fanni ba su gama zama da gindinsu a Hausa ba, ya kyautu mu fara da tsayar da waɗanda za mu yi aiki da su. Tarin adireshin da aka damƙa wa wata makaranta ko ma'aikata za mu kira shi gari. Yankin da aka yanka daga cikin garin za mu kira shi unguwa, kowace na'ura da ke cikin unguwar kuma gida. Netmas mun ba shi sunan shinge, domin aikinsa shi ne nuna inda sunan unguwa ya ƙare, lambar gida ta soma. Burodkas kuwa shi ne adireshin shela, saboda saƙon da aka aika masa kowane gida na unguwar zai ji shi. Na'urar da ke fitar da saƙo daga wata unguwa zuwa wata, wadda ake kira rauta, ita ce ƙofa. Ba mu ce lalle waɗannan kalmomi su ne mafi dacewa ba, kuma za mu yi murna idan mahalarta wannan taro suka kawo waɗanda suka fi su.

Abin da ya sa muka ga dacewar kawo wannan batu shi ne yadda ɗalibai da yawa ke haddace jadawalin shinge kamar karatun allo, su iya kawo shi da ka, amma da zarar an ba su adireshin da bai faɗo daidai kan jadawalin ba sai su tsaya cik. A ganinmu tushen wahalar ɗaya ne. Ɗigon nan uku da ake sakawa cikin adireshi suna sa mai karatu ya zaci lambobi huɗu ne yake gani, alhali kuwa lamba ɗaya ce doguwa. Wanda ya gane haka, ya kuma gane cewa shinge iyaka ce kawai da aka shata a cikin wannan lamba, to ba ya bukatar hadda.

2.0 Asalin Al'amarin

Tsarin adireshin da muke magana a kai, watau IPv4, an tsayar da shi ne a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 791 ta watan Satumba 1981, wadda Jon Postel ya tace a Amurka. Kowane adireshi yana da gurabe 32, kowane gurbi kuma ba ya ɗaukar komai sai 0 ko 1. Jimlar adireshin da za a iya samu ke nan 4,294,967,296. A wancan zamani ba a bar wa mai rabo zaɓin inda zai kafa iyaka ba, ajin adireshi ne ke yanke hukunci. Garin aji A yana da gidaje 16,777,214, na aji B yana da 65,534, na aji C kuwa 254 kacal. Jami'ar da ke da kwamfuta dubu biyu ta fi ƙarfin aji C, saboda haka sai a ba ta aji B, ta yi amfani da kaɗan, sauran fiye da dubu sittin su zauna a banza. Ban da wannan asara kuma, ba shi yiwuwa a tara dubban na'urori a kan waya guda kowa yana jin shelar kowa.

A watan Agusta 1985 Jeffrey Mogul da Jon Postel suka fitar da RFC 950, wadda ta ba mai gari damar aron wasu gurabe daga ɓangaren gida ya mai da su sunan unguwa. Daga nan ne shinge ya zama abin da dole a rubuta wa kowace na'ura. A 1993 kuma aka kawo tsarin da ake kira CIDR, wanda ya soke azuzuwan nan baki ɗaya, ya zamana ana iya kafa iyaka a kowane gurbi, a kuma rubuta ta a taƙaice bayan adireshi, kamar /24 ko /26. Duk da wannan tsimi, adireshin bai isa ba. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA ta raba manyan rukunoni biyar na ƙarshe da suka rage mata ga cibiyoyin yanki biyar na duniya. Cibiyar AFRINIC ta Afirka, mai mazauni a tsibirin Morishus, ta shiga mataki na biyu na tsuke rabo a watan Janairu 2020, inda aka ƙayyade cewa mai nema ba zai sami fiye da /22 a lokaci guda ba, watau adireshi 1,024. Ashe ke nan makarantar da ta sami ɗan rabo a wannan nahiya tamu ba ta da halin yin wasa da shi.

3.0 Yadda Shinge Yake

Ana kasa guraben nan 32 kashi huɗu, takwas-takwas, a rubuta kowane kashi da ƙidayar da muka saba, a raba su da ɗigo. A cikin kowane kashi, darajar gurabe daga hagu zuwa dama ita ce 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Alal misali 77 ita ce 64 da 8 da 4 da 1, don haka ana rubuta ta 01001101. Idan duk guraben takwas suka cika da 1 an sami 255, wadda ita ce iyakar abin da kashi ɗaya zai ɗauka.

Shi ma shinge gurabe 32 gare shi, sai dai yana da ƙa'ida: 1 ne ke jeruwa daga hagu ba yankewa har zuwa iyaka, daga nan sai 0 har ƙarshe. Duk gurbin adireshin da ke daura da 1 na unguwa ne, wanda ke daura da 0 na gida ne. Idan aka rubuta /26 ana nufin 1 guda 26 sannan 0 guda shida. Kashi uku na farko sun cinye 24, kowannensu 255. Saura biyu sun faɗa kashi na huɗu, 11000000, watau 128 da 64, jimla 192. Shingen /26 ke nan 255.255.255.192. Saboda wannan ƙa'ida ta jeruwa, lambobi tara ne kaɗai za su iya fitowa a kashin shinge: 0, 128, 192, 224, 240, 248, 252, 254 da 255. Duk wanda ya ga 200 ko 250 a cikin shinge, to ya san an yi kuskure tun kafin ya ɗauki alƙalami. Abin sha'awa, takardar 1985 ba ta haramta shinge mai giɓi ba, shawara kawai ta bayar a jera gurabensa. Zuwan CIDR ne ya mai da shawarar tilas.

3.1 Hanya Mai Tsawo

Mu ɗauki na'ura mai adireshi 192.168.10.77/26. Kashi uku na farko duk suna cikin shinge, ba abin da zai taɓa su, saboda haka aikinmu yana kan kashi na huɗu:

adireshi 01001101, watau 77
shinge 11000000, watau 192

Iyaka ta faɗo bayan gurbi na biyu. Domin samun adireshin unguwa, sai mu bar guraben da ke hagu da iyaka yadda suke, mu mai da na dama duka 0. Wannan ya ba mu 01000000, watau 64. Domin samun adireshin shela kuma sai mu mai da na daman duka 1, mu sami 01111111, watau 127. Unguwar wannan na'ura ke nan 192.168.10.64, shelarta 192.168.10.127, gidajenta kuwa daga 65 zuwa 126, guda 62. Wannan shi ne ainihin abin da kwamfuta ke yi duk lokacin da za ta aika saƙo. Takan ɗora shingenta a kan adireshinta, ta kuma ɗora shi a kan adireshin wanda za ta aika wa. In sunan unguwa ya zo ɗaya, sai ta nemi maƙwabcin kai tsaye. In ya saɓa, sai ta miƙa saƙon ga ƙofa.

3.2 Gajeriyar Hanya

Ba kullum mutum ke da sukunin zana sifiri da ɗaya ba, musamman in yana tsaye gaban na'ura ana jiransa. Akwai hanyar da ta fi sauri, kuma daga wadda ta gabata ta fito. A nemi kashin shingen da ba 255 ba ne kuma ba 0 ba, a ɗebe shi daga 256. Abin da ya rage shi ne faɗin unguwa a wannan kashi. A misalinmu, 256 a ɗebe 192 saura 64, don haka unguwanni suna farawa daga 0, 64, 128 da 192. Lamba 77 ta wuce 64 ba ta kai 128 ba, unguwarta 64 ke nan. Shela kuwa kullum ita ce lambar da ke gab da farkon unguwa ta gaba, watau 127.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne in iyaka ta faɗo a kashi na uku. Mu duba 172.16.37.200/20. Gurabe 16 sun tafi a kashi biyu na farko, saura huɗu a kashi na uku, 11110000, watau 240. Shinge ke nan 255.255.240.0. Faɗin unguwa 256 a ɗebe 240, saura 16, amma a kashi na uku. Unguwanni na farawa daga 0, 16, 32, 48, haka har 240. Lamba 37 tana tsakanin 32 da 48. Kashi na huɗu kuwa ɗungurungum na gida ne, saboda haka a adireshin unguwa zai zama 0, a na shela ya zama 255. Unguwa ita ce 172.16.32.0, shela 172.16.47.255. Guraben gida 12 ne, waɗanda ke ba da adireshi 4,096, a cire biyu saura gidaje 4,094. Lambar nan 200 da ke ƙarshen adireshin, wadda ido ke fara sauka a kanta, ba ta shiga lissafin ba ko kaɗan.

A nan ne ya kamata mu kawar da wata fahimta da ta yaɗu, cewa wai duk adireshin da ya ƙare da 255 shela ne, wanda ya ƙare da 0 kuma sunan unguwa ne. Wannan gaskiya ne a /24, kuma yawan ganin /24 a gidaje da ofisoshi shi ya haifar da zaton. A unguwar da muka lissafa yanzu, 172.16.33.255 da 172.16.40.0 gidaje ne kamar kowane gida, domin ba duk gurabensu 12 na gida ne suka zama 1 ko 0 ba. Haka kuma 192.168.10.127 shela ce a /26, amma gida ce a /24. Adireshi shi kaɗai ba ya faɗin matsayinsa sai an haɗa shi da shingensa.

4.0 Yanka Gari

Duk gurbi ɗaya da aka ƙara wa shinge yana raba unguwa biyu daidai. Garin /24 mai adireshi 256 yana ba da /25 biyu masu 128, ko /26 huɗu masu 64, ko /27 takwas masu 32. Da harshen masu rabon gado sai mu ce a nan akwai rabi da rubu'i da sumuni, amma babu sulusi babu sudusi. Wanda ke son unguwa uku sai dai ya yanka huɗu ya ajiye ɗaya, ko ya ba ɗaya rabi, biyu su ɗauki rubu'i-rubu'i.

Mu ƙaddara wata tsangaya an ba ta 192.168.10.0/24, wanda yana cikin adireshin da RFC 1918 ta 1996 ta keɓe don amfanin cikin gida. Ɗakin koyon kwamfuta yana bukatar gidaje 100, ofisoshin malamai 50, ɗakin karatu 25, ofishin shugaban tsangaya 10, sannan akwai waya guda da ta haɗa ƙofar tsangayar da ta babbar cibiyar jami'a, mai bukatar adireshi biyu. Ga kowanne sai mu nemi mafi ƙanƙantar faɗin da zai ɗauke shi bayan an cire biyu. Gidaje 100 sun fi ƙarfin 64, sai 128, watau /25, shinge 255.255.255.128, daga 0 zuwa 127, shela 127. Ofisoshin malamai su sami /26 daga 128, shela 191. Ɗakin karatu ya sami /27, shinge 255.255.255.224, daga 192, shela 223, gidaje 30. Ofishin shugaba ya sami /28, shinge 255.255.255.240, daga 224, shela 239, gidaje 14. Wayar haɗi ta sami /30 daga 240, gidajenta 241 da 242, shela 243. Abin da ya rage daga 244 zuwa 255 adireshi 12 ne.

Da gangan muka fara da babba muka gangaro. Dalili kuwa shi ne wata ƙa'ida da ba a cika faɗa wa ɗalibai ita a sarari ba, ko da yake ita ce ƙashin bayan aikin duka: tilas kowace unguwa ta fara daga lambar da faɗinta zai raba ba saura. Unguwa mai faɗin 64 ba ta farawa sai daga 0, 64, 128 ko 192. Wannan ba son ran wani ba ne, ya biyo ne daga cewa guraben gida na adireshin unguwa dole su zama 0 duka. Da a ce mun fara ba ofishin shugaba daga 0 zuwa 15, don girmamawa, sannan muka ce ɗakin kwamfuta ya fara daga 16 da shingen /25, to na'urorin ɗakin za su ɗora shingensu su ga unguwarsu daga 0 ta fara, ta haɗiye ofishin shugaban. Unguwa biyu sun hau kan juna ke nan, kuma ƙofa mai kyau za ta ƙi karɓar wannan tsari. Ana iya fara rabo da ƙanana, amma sai an yi ta tsallake giɓi, giɓin kuwa shi ne asarar da ake gudu.

Akwai kuma abin lura game da ƙidayar gidaje. Ita ma ƙofa tana cin adireshi ɗaya a kowace unguwa, galibi na farko ko na ƙarshe. Saboda haka /26 mai gidaje 62 kwamfuta 61 take ɗauka a zahiri. Ɗakin da ke da kwamfuta 62 ya riga ya fi ƙarfinta, balle a yi maganar na'urar buga takardu ko ƙarin da za a yi baɗi. A ra'ayinmu, unguwar da ta cika fiye da kashi uku cikin huɗu tun ranar da aka yanka ta, an yanka ta da ƙunci, domin faɗaɗa ta daga baya yana nufin sake lambar maƙwabtanta.

5.0 Game da Shela

Mai tambaya zai iya cewa, mun ji dalilin keɓe adireshi na ƙarshe, to na farkon fa, me ya hana a ba shi wata na'ura? Amsar tana da alaƙa da tarihi. Tsarin 4.2BSD da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fitar a 1983, wanda ya yaɗu ƙwarai a jami'o'in wancan lokaci, yana yin shela ne da adireshi mai guraben gida duka 0. A 1984 Mogul ya rubuta RFC 919 wadda ta tsayar da duka 1. An ɗauki shekaru ana zaune da iri biyun a waya guda, har RFC 1122 ta 1989 ta nemi na'urori su riƙa gane tsohon salon a matsayin shela in sun gamu da shi. Ga shi kuma adireshin farko shi ne sunan da ƙofofi ke kiran unguwar da shi a jadawalinsu. Haka aka wayi gari kowace unguwa tana rasa biyu. A babbar unguwa wannan ba komai ba ne, amma a /30 rabin rabon ne ya tafi. Shi ya sa RFC 3021 ta shekarar 2000 ta halatta /31 a wayar da ke haɗa na'ura biyu tak, inda ba a bukatar shela tun da duk abin da ɗaya ta faɗa ɗayar ce kaɗai mai ji. Da mun bi wannan a misalin tsangayarmu, da wayar haɗi ta ɗauki 240 da 241 kawai.

Wajibi ne kuma a bambance shelar da muke lissafawa da 255.255.255.255. Wannan ta biyun ba ta bukatar lissafi, ma'anarta duk wanda ke kan wannan waya, kuma ƙofa ba ta fitar da ita waje. Da ita sabuwar na'ura ke neman a ba ta adireshi, tun ba ta san unguwar da take ba. Shelar unguwa kuwa, irin 192.168.10.127, a asalin tsari ana iya aiko ta daga nesa, ƙofa ta karɓa ta yayata wa gidajenta. Ɓata-gari sun sami kafa a nan. Wajen 1997 da 1998 aka yi fama da harin da ake kira Smurf, inda mutum zai aika saƙon gwaji zuwa shelar wata babbar unguwa da sunan wanda yake so ya cuta, sai ɗaruruwan gidaje su amsa wa wanda bai tambaye su ba har hanyarsa ta toshe. A 1999 RFC 2644 ta ce ƙofofi su zo da wannan hali a kashe, sai wanda ya buɗe shi da kansa.

Kuskuren shinge a kan na'ura guda yana da fuska biyu, kuma ba su yi kama ba. Mu koma tsangayarmu, mu ɗauki kwamfuta mai lamba 77 a ɗakin koyo, wadda shingenta na gaskiya /25 ne. In aka rubuta mata /24, shingen ya yi faɗi, za ta ɗauka 192.168.10.130 na ofishin malamai maƙwabcinta ne, ta yi ta kiransa a wayarta ba amsa, alhali tana isa intanet lafiya lau, domin adireshin waje har yanzu ta ƙofa take bi da su. Mai gyara da bai duba shinge ba sai ya ɗora laifin a kan na'urar malamai. In kuwa aka rubuta mata /26, shingen ya yi ƙunci, za ta ɗauka unguwarta daga 64 zuwa 127 ce, gidajen 1 zuwa 63 baƙi ne. Idan ƙofa tana lamba 126, za ta riƙa kai mata saƙon maƙwabta, ita kuma ta juyo da shi, komai ya yi kamar yana tafiya daidai, kuskuren ya kwanta har wata da watanni. Idan kuwa ƙofar tana lamba 1, to ta faɗa wajen unguwar da na'urar ke zato, ba za ta iya fita ko'ina ba. Lamba ɗaya aka kuskure a duka biyun, amma inda aka ajiye ƙofa shi ya yanke irin alamar da za a gani.

Tsarin IPv6, mai gurabe 128, ya yar da adireshin shela gaba ɗaya, ya maye gurbinsa da kiran rukuni, inda saƙo ke zuwa ga na'urorin da abin ya shafa kaɗai. Shingen ma ba a rubuta shi da ɗigo, sai dai tsawonsa, kuma bisa al'ada kowace unguwa /64 ake ba ta, don haka maganar cire biyu da ƙidayar gidaje ba ta taso ba. Amma wanda aka ba /48 ya ce zai raba wa tsangayoyi /56, yana da gurabe takwas na wasa, watau kaso 256, kuma kowane kaso dole ya fara daga inda faɗinsa ya raba ba saura.